Wanda Ya Hau Motar Digirin Digirgir Ba Tare da Tambaya Ba

A wannan makaranta na yi ƙaramar difloma da babbar difloma, yanzu kuma ina shekara ta uku a karatun digirin digirgir a fannin nazarin ilimi mai zurfi. Duk wanda na faɗa wa sunan fannin sai ya ce, “To, me ake karantawa a ciki?” Amsar ita ce, ku ake karantawa. Wa ke samun gurbi, wa ke biyan kuɗi, wa ke tsara manhaja, me ya sa ake yajin aiki, ina mai takardar yake ƙarewa bayan ya gama. Makarantar kanta ce abin bincike.

Na san wasu za su ce mu da muke fama da firojet, ina mu ina digirin digirgir? Hanyar mai babbar difloma doguwa ce: bautar ƙasa, difloma ta gaba da digiri, digiri na biyu, sannan ka iso. Tsawon hanyar nan shi ne dalilin da ya sa ba mu da shekarar zubarwa. Ni na zubar da guda, kuma labarinta zan ba ku.

A inda nake, shekarar farko ta kwasa-kwasai ce, akwai na dole akwai na zaɓi. Da aka miƙo mini fom ɗin rijista, sai na yi irin abin da muke yi a nan: na tambayi na gaba da mu wane malami ne ba ya kayar da mutane, wane kwas ne ba ya faɗowa ranar da nake aiki. Na guje wa ƙididdiga kamar yadda ake gudun mai bin bashi. Na ci jarrabawa da maki mai kyau, na yi ta murna. Da lokacin gabatar da shawarar bincike ya zo, na kai take mai faɗi kamar filin Idi, wai matsalolin ilimin fasaha a Nijeriya da hanyoyin magance su. Malamin da ke duba aikina ya karanta shafi biyu, ya cire tabarau ya ce, “Malam, wannan ai jawabin taro ne. Me kake so ka sani wanda ba ka sani ba?” Na ce, “Ranka ya daɗe, matsalolin.” Ya ce matsalolin ai ko mai shayin bakin get ya san su. Na fito gumi na karyo mini.

Wata shida na yi ina kai-komo kafin tambaya ta zo, kuma daga ajinmu na dā ta fito. Mu nawa muka gama ƙaramar difloma, muka tafi shekarar nan ta koyon aiki, sannan mu nawa muka dawo babbar difloma? Ina sauran? Wani ya koma jami'a ta hanyar shiga aji biyu kai tsaye, wata ta yi aure, wani ubangidansa ya riƙe shi a aiki, wani kuɗi ne ya tsayar da shi. Wace ƙofa ce ta fi ɗauke mutane, kuma shin ɗaya ne ga mata da maza, ɗaya ne ga 'yan injiniya da 'yan kasuwanci? Wannan karon malamin bai cire tabarau ba.

Sai ga inda gizo ke saƙar. Tambayar tana buƙatar a bi bayanan ɗalibai na shekaru da dama a yi lissafi a kansu, wato dai ƙididdigar da na gudu. Tana kuma buƙatar hira mai zurfi da waɗanda ba su dawo ba, kuma kwas ɗin dabarun hira na cikin na zaɓin da na tsallake. Dole na koma na zauna a bayan aji tare da sababbin shiga, ba maki ba komai. Da na san tambayata tun farko, da fom ɗin nan ya cike kansa.

Saboda haka ga yadda zan tsara shi da zan sake. Kwasa-kwasan dabarun bincike su ne jari, a ɗauki na lissafi a ɗauki na hira, ko da ɗaya za ka yi amfani da shi, domin ranar kare aiki ba ka san ta inda mai jarrabawa daga waje zai ɓullo ba. Na zaɓi kuwa, kowanne ka tambaye shi: wane babi na kundina za ka rubuta mini? In bai da amsa, bar shi. Kowace takardar semina ka karkata ta wajen tambayarka, har ƙarshen shekara ka tarar da rabin babi na biyu a hannunka.

Karatun ra'i ma kada ka raina shi, ni na raina na dawo. A 1973 Martin Trow ya nuna cewa idan masu shiga manyan makarantu suka wuce kashi 15 cikin ɗari na sa'o'insu, tsarin ya tashi daga na 'yan ƙalilan ya koma na jama'a, in suka wuce kashi 50 ya zama na kowa, kuma a kowane mataki manufar karatun kanta tana sauyawa. Burton Clark kuma a 1983 ya zana kusurwa uku, gwamnati da kasuwa da manyan malamai, kowa yana jan makaranta wajensa. Ɗauki rikicin babbar difloma da digiri ka ɗora a kan wannan zane: hukumar NBTE da aka kafa a 1977 tana tsara mana manhaja, NUC tana kula da jami'o'i, tsarin albashin gwamnati yana yanka wa kowa matsayi, mai kamfani kuma yana da nasa ra'ayin. Ingila ta bi da irin wannan rabuwa ta hanyar mayar da foliteknik ɗinta jami'o'i a 1992. Ko hakan ya kashe bambancin ko suna kawai ya sauya, wannan ma kundi ne guda.

Mai son tarihi yana iya komawa kan rahoton hukumar Ashby na 1960, ya duba matsayin da aka ba ilimin fasaha a lokacin samun 'yancin kai. Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa duk suna Kaduna, kuɗin mota ne kawai.

Abu ɗaya da ba a koyarwa a aji: kafin ka ƙulla aure da take, je ka tabbatar akwai bayanai kuma za a ba ka. Na yi mako bakwai ina zarya a wani ofishin ajiye bayanan ɗalibai, yau mai makulli ya tafi ta'aziyya, gobe takardar izinina ta ɓace, ƙarshe aka nuna mini fayiloli da ruwa ya ci rabinsu. Shekara biyu na yanke daga binciken saboda haka. Kuɗi ma haka. TETFund, wadda aka kafa a 2011, tana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malaman manyan makarantun gwamnati, amma ta makarantar da kake aiki ake nema. In ba ka cikinsu, lissafa kuɗin tafiya da na buga takardu tun yanzu, ka rage yawan makarantun da za ka zagaya daidai aljihunka. Ni da shida na fara a takarda, yanzu uku nake yi.