Jar Waya Ba Kullum Ce Fulos Ba: Launukan Wayoyi a Fanel ɗin Injin Masana'anta

'Yan uwana 'yan ND I da za ku fita SIWES bana, musamman 'yan sashen lantarki, da ku nake. Akwai abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa min kafin in fita nawa, amma sai da na yi ɓarna sannan na koye shi.

Tun kafin in shigo poli nake bin yayana aikin sola a cikin garin Daura da ƙauyukan Sandamu, Mai'aduwa da Zango. Mun haɗa batura, mun ɗaura inbata, mun sa famfon rijiyar burtsatse ba adadi. A wannan aikin doka ɗaya ce, ko yaron shago ya san ta: jar waya fulos, baƙa mainos. Hannuna ya saba da ita har ba na tsayawa tunani.

Na yi SIWES a wata masana'antar ruwan roba a Kano. A sati na shida sensar da ke ƙirga robobi a kan bel ta mutu, ogana ya miƙo min sabuwa ya ce in canza, shi kuma ya tafi wajen janareta. Tsohuwar an riga an cire ta, ban ga inda wayoyinta suka fito ba. Na buɗe fanel, na ga layin jajayen wayoyi a gefe ɗaya, shuɗɗa a ɗaya gefen. Na ce ai magana ta ƙare, ja fulos. Na ɗaura ƙafar fulos ta sensar a kan ja, na tayar da wuta. Ƙara ɗaya na ji, tas, sai ƙauri. Jar wayar nan folt 230 ce ta AC. Sensa ta ƙone, fiyus ya tashi, ƙofar shigar saƙo ɗaya ta PLC, wato 'yar kwamfutar da ke tafiyar da injin, ita ma ta tafi. Layin ya tsaya yini da rabi. Abin da ya fi yi min ciwo ba faɗan oga ba ne, leburorin da ake biya kullum-kullum ne, da suka koma gida ranar ba ko sisi.

Da ya huce, oga ya ce min, "Injiniya, nan ba gidan sola ba ne. Ɗauko littafin injin mu duba."

Injin na Turai ne, an gina shi a kan ƙa'idar IEC 60204-1, wadda hukumar IEC mai hedikwata a Janeba ta tsara domin wayoyin injinan masana'antu. Wannan ƙa'ida ba ta raba launi bisa fulos da mainos. Tana raba shi ne bisa aikin da wayar ke yi. Baƙa ita ce wayar ƙarfi, mai kai wuta ga mota ko hita, AC ce ko DC. Ja ta sarrafawa ce mai ɗauke da AC, irin wadda ke kunna kwayil ɗin kontakta da folt 110 ko 230. Shuɗiya ta sarrafawa ce mai ɗauke da DC, galibi folt 24, ita ce ke zagaya maɓallai, sensoci, rile da PLC. Kore da rawaya a haɗe kuwa wayar atin ce, ba a yarda a yi wani aiki da ita ba ko kaɗan. Amurkawa da tasu ƙa'idar NFPA 79 kusan haka suka tafi, sai dai sun ƙara fara mai ratsin shuɗi ga ɓangaren DC da aka haɗa da ƙasa, wato folt sifili.

Sai mai ruwan lemo, wadda ba a cika koya mana ba alhali ita ce mai kisa. Ma'anarta: ko ka kashe babban makunnin fanel, ni ina da wuta. Wutarta daga wani wuri take zuwa, ko daga injin da ke maƙwabtaka, ko an ɗauko ta kafin makunnin domin fitilar cikin fanel da soket. A tsofaffin injinan Amurka rawaya ce ke wannan aikin.

Wani zai ce, to shi ke nan, in haddace shuɗi DC ne in huta. A nan ne ƙasarmu ke da nata rikicin, domin a masana'anta ɗaya shuɗi yana iya nufin abu huɗu.

Mun gaji tsarin wayoyi daga Ingila. A tsohon tsarinsu fes uku su ne ja, rawaya da shuɗi, nutiral kuma baƙa. Sun canza a 2004, zuwa 2006 sabon ya zama dole: ruwan ƙasa, baƙi da ruwan toka su ne fes, shuɗi ya koma nutiral. Mu kuwa duka biyun muke amfani da su, ka leƙa allon rabon wuta na kowane babban gini za ka gani. Ke nan shuɗiyar da ke shigowa fanel daga tsohon kebul fes ce, tsakaninta da 'yar uwarta folt 415. Shuɗiyar da ke cikin sabon kebul nutiral ce. Siririyar shuɗiyar da ke zagaye cikin fanel folt 24 ce. Ta huɗu kuma tana jikin sensar kanta: a sensoci masu waya uku, ruwan ƙasa ce fulos, shuɗiya mainos, baƙa ita ce mai fitar da saƙo. Dubi abin dariya: shuɗiyar sensa mainos ce, amma shuɗiyar fanel tana iya zama fulos. Wanda ya ce bari in haɗa launi da launi ya juyar da ƙafafun ke nan. Ya taki sa'a yawancin sensocin yanzu suna da kariya daga wannan, sai dai kawai su ƙi aiki, ya yini yana zargin sabuwar sensa.

Masu gina fanel sun san da wannan ruɗanin, shi ya sa suke amfani da shuɗi mai duhu ga DC, su bar mai haske ga nutiral. A takarda bambancin a fili yake. A cikin fanel da ya shekara goma yana shan ƙurar hunturu da tiririn mai, da hasken tocilan ɗin waya, wallahi ba kowane ido ke raba su ba. Kuma wasu kamfanonin shuɗi mai duhun suke sa wa fulos da mainos duka, lamba ce kawai ke bambanta su.

Ga kuma injinan Sin, waɗanda su ne suka cika masana'antun ruwan leda da na gyaran shinkafa a yankinmu. A tsarinsu fes uku rawaya ne, kore da ja. Kore zalla fes ce a wajensu, alhali tsofaffin masu wayarin ɗinmu sun taso suna kiran kore atin.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, ita kanta IEC ba ta ce launukan sarrafawar nan dole ba ne, shawara ta bayar. Ta yarda a gane waya da lamba, ko harafi da lamba, ko launi, ko a haɗa. Saboda haka abin dogaro na farko shi ne zanen wayoyin injin, da 'yar lambar da aka zura a bakin kowace waya. Da na duba zanen ranar nan, da na ga an rubuta 24V da 0V ɓaro-ɓaro a kan tasha biyu da ke ƙasa da inda na ɗaura. Minti biyu ne da sun ishe ni.

Bayan zane sai awo. Ka kashe babban makunni, ka sa kwaɗo, makullin ya zauna a aljihunka. Ka gwada mitarka a wurin da ka tabbata akwai wuta, ka auna wayar da za ka taɓa, sannan ka sake gwada mitar, don kar a ce ta mutu a tsakani. Ka fara aunawa a AC kafin DC. Tastar sukundireba da muke yawo da ita a aljihu ba ta da amfani a nan: fitilarta ba ta kamawa da folt 24, wani lokacin kuma takan kama a kan wayar da ba komai a cikinta sai ɗan abin da ta tsinta daga maƙwabciyarta.

Kar kuma raini ya shiga don an ce folt 24 ne. Gaskiya ne da wuya ta ja ka. Amma ita ce mai ba da umarni. Ka haɗa waya biyu bisa kuskure, rile ya kama, kontakta ta rufe, mota ta tashi alhali hannun wani yana cikin bel.

Akwai laifin da mu masu gyara muke yi wanda ya kamata mu daina tun muna ɗalibai. Waya ta ƙone, ka zagaya shagunan kayan wuta a Daura, da wuya ka samu siririyar waya mai shuɗi mai duhu, ja da baƙa ne suka cika kanta. Sai mutum ya yanko abin da ya samu ya liƙa, inji ya tashi, a biya shi ya tafi. Mai zuwa bayansa shi ne zai buɗe ya ga ja a tsakiyar layin DC, ko baƙa a inda ya zaci mainos ce. In dole ta sa ka yi amfani da wani launi, ka naɗa salatif shuɗi a bakin wayar biyu, ka mayar mata da lambarta, ka rubuta abin da ka canza da biro a jikin zanen da ke ƙofar fanel.

A furojet ɗinmu na ƙarshe muna haɗa ƙaramin fanel na sarrafa famfon tankin ruwa. Abokan rukunina sun so mu yi da ragowar ja da baƙar da ke shagon yayana, tunda kyauta ce. Na ƙi. Mun yi karo-karo, na ba wani direban motar Kano saƙo ya sayo mana nadin shuɗi mai duhu da fakitin lambobi a Sabon Gari. Fanel ɗin yana wokshop, duk ɗan ND I da ke son gani kafin ya tafi ya same ni bayan la'asar, ya zo da mitarsa.