Darasi na 23: Fadama, marais da marsh

Fadama wuri ne mai kwari inda ruwa yake kwantawa da damana. Idan rani ya shigo, ruwan yana janyewa, amma ƙasa tana riƙe da laima. Mutum ya gina rami gaba ɗaya ko biyu, sai ya tarar da ruwa. Ƙasar fadama baƙa ce, mai laka. Ta bambanta da jigawa, inda rairayi yake, inda ake shuka hatsi da wake.

A Nijar akwai fadamu da yawa. Akwai na Gulbin Maraɗi. Akwai na Korama a jihar Damagaram, inda ake noman rake. Akwai na Majiya a jihar Tawa, inda albasar Galmi take fitowa. Bayan farin 1984, da hatsi bai yi ba, gwamnati ta kira jama'a su shiga noman rani. Gidaje da yawa a fadama suka samu abin kai wa baki: rogo, dankali, kabewa da tumatir.

To, yaya ake cewa fadama da Faransanci? Ɗan makaranta da ya buɗe ƙamus zai iya cin karo da kalmar marais. Ɗan uwansa na Katsina ko na Daura, wanda yake koyon Ingilishi, shi kuma zai gamu da marsh. Kalmomin nan biyu ƴan uwa ne. Tushensu ɗaya, daga wani tsohon harshe na arewacin Turai. Ma'anarsu ita ce fili wanda ruwa ba ya rabuwa da shi, mai taɓo da dogayen ciyayi, inda kwaɗi da tsuntsayen ruwa suke zama. Idan itatuwa ne suka cika wurin, masu Ingilishi suna cewa swamp. Har ma wanda aiki ya yi masa yawa yakan ce: "I am swamped", wato aiki ya shanye shi kamar yadda ruwa yake shanye fili.

Mutanen Turai na dā suna tsoron irin waɗannan wurare. Sun lura cewa masu zama kusa da su suna yawan fama da masassara. Sai suka ɗauka mugunyar iska ce take tashi daga ruwan. Da Latin, tsohon harshen da ya haifi Faransanci, ana kiran wurin palus. Daga nan aka samu paludisme, ciwon da ake ce wa "palu" a asibiti. Sai a 1880 wani likita Bafaranshe, Laveran, ya ga ƙwayar ciwon cikin jinin marar lafiya a Aljeriya. A 1897 wani likita na Ingila, Ross, ya gano ta cikin sauro. Ashe iska ba ta da laifi.

Duk da haka, wata kalma mai daɗi ta fito daga marais. A birnin Paris akwai unguwa mai suna Le Marais. A dā wurin taɓo ne. Manoma suka janye ruwan, suka shuka kayan miya, suna kai wa kasuwa. Aka riƙa kiran irinsu maraîchers. Har yau mai garka da Faransanci shi ne maraîcher, aikinsa kuma maraîchage. Manomin albasa na Galmi maraîcher ne, ko da bai taɓa jin sunan Paris ba.

Amma gonarsa ba marais ba ce. Nan ne ake bukatar hankali. A ƙauye, sau da yawa ɗan makaranta ake kira ya rubuta wasiƙa ko ya yi tafinta. A ce wani dattijo yana son a yi masa takardar gonarsa. Ya ce: "Ɗana, rubuta musu cewa fadamar nan tun kakana muke nomanta." Idan yaro ya rubuta marais ko marécage, wanda ya karanta zai zaci wurin banza ne, mai sauro, wanda ba a nomawa. Alhali kuwa babu gona mai daraja kamarta a garin. Kalmar da malaman gona suke amfani da ita ita ce bas-fond, wato ƙasa ta kwari mai riƙe ruwa. Sai yaro ya rubuta: "Notre famille cultive ce bas-fond depuis mon grand-père."

A Najeriya ma an ga cewa marsh da swamp ba su dace ba. Don haka Ingilishin can ya ari kalmar Hausa. A farkon shekarun 1990 aka buɗe wani babban shiri na noman rani da taimakon Bankin Duniya, aka sa masa suna Fadama, har cikin takardun da aka rubuta da Ingilishi.

Akwai kuma babbar kalma wadda ta haɗa fadama da tabki da bakin gulbi duka: zone humide da Faransanci, wetland da Ingilishi. A 1971 ƙasashe suka sa hannu a garin Ramsar na Iran don kare irin waɗannan wurare. Nijar ta shiga yarjejeniyar a 1987 da gandun dajin W. Daga baya aka ƙara wasu, har da tabkin Tabalak da na Madarunfa.

Tambayoyi da aiki

1. Mene ne bambancin fadama da jigawa?
2. Daga wace kalma aka samu paludisme? Me ya sa?
3. Don me bai kamata a kira gonar dattijon nan marécage ba?
4. Ku tambayi iyayenku sunan fadamar da ta fi kusa da garinku, da abin da ake shukawa cikinta da rani. Ku rubuta jimla uku da Hausa, sa'an nan ku juya ɗaya da Faransanci.