Ƙwaron da Sunansa ke Neman Ɓata: Nazarin Ƙaramar Tururuwar Bishiya a Birnin Kano

Gabatarwa

Bahaushe bai yi wa ƙananan ƙwari kuɗin goro wajen suna ba. Ƙamusun Bargery na 1934 ya taskace kalmomi irin su tururuwa da cinnaka da kiyashi da gwano da kwarkwasa, kowace da halittar da take nufi. Karin magana ma ya kiyaye wannan bambanci, shi ya sa ake cewa gwano ba ya jin warin jikinsa, cinnaka kuwa bai san na gida ba. A yau masu fassara na tattara su duka a ƙarƙashin “tururuwa”. Wannan maƙala ta ɗauki jinsi guda, wanda masana kimiyya ke kira Crematogaster, domin nuna abin da ake asara.

Kamanni

Lund ne ya raɗa wa jinsin wannan suna a 1831. Tsawon ma'aikaciya yawanci milimita 2 zuwa 4 ne, launinta baƙi ko ja mai duhu. Ƙarshen cikinta mai tsini ne, kuma siririn ƙugunta ya haɗu da cikin ta sama. Wannan ne ke ba ta damar ɗaga cikin bisa gadon bayanta idan aka tsokane ta. Ƙarinta bai cika huda fata ba, shafa dafi take yi wa abokin gaba.

Ɗabi'u da Muhalli

Tana gida a kogon reshe, ko ƙarƙashin ɓawo, wasu nau'o'in kuma sukan tauna itace su gina sheƙa mai kama da kwali. Abincinta ya haɗa da ƙananan ƙwari da ruwan zaƙin da darɓa ke fitarwa, don haka take gadin darɓar kamar makiyayi da garkensa. Nau'o'inta sun haura 400, sun fi yawa a ƙasashe masu zafi. A Kenya tana zama cikin kumburarriyar ƙayar wata bishiya ’yar uwar bagaruwa, tana korar dabbobi masu cin ganyenta, har da giwa.

Mai nazari a unguwar Zaitawa ba ya bukatar dakin gwaji kafin ya fara. Ya duba layin ƙwarin da ke hawa kututturen cediya ko darbejiya, ya taɓa shi da tsinke. Idan suka ɗaga ciki sama, ya sami alamar farko.

Kammalawa

Bishiyoyin cikin ganuwa na raguwa saboda gine-gine, dattawan da suka rarrabe ƙwarin nan da sunayensu su ma suna ƙarewa. Ya kamata masana harshe su haɗa kai da masana ƙwari, a nuna wa masu sassaƙa da masu maganin gargajiya ƙwaron kansa, a rubuta sunan da suka faɗa da karin harshensu, sannan a jera shi da sunan kimiyya a ƙamus.