Ɗalibin Damargu, ɗauki salularka ka zaga Damagaram

Ni ma'aikacin jinya ne, haifaffen ƙasar Ollelewa, kuma yawancin waɗanda nake dubawa a Damagaram matasa ne. Da zarar jarrabawa ta matso, ko kuɗin hannu suka ƙare ba a ga saƙo daga gida ba, sai ɗalibai su yi ta zuwa da kuka iri ɗaya: kai na sarawa, gaba na faɗuwa, barci ya ƙaurace, an buɗe takarda amma karatu ya ƙi zama. A auna jini babu masassara, a duba hawan jini lafiya lau. Sai an zauna an yi hira ake gane damuwa ce ta ci jiki. Da yawansu kuwa ƴan gida ne, daga Ollelewa, Bakin Birji, Gangara, Tanut da Balbeji.

Ban yi mamakin haka ba. Yaron Damargu ya tashi cikin sarari, ƙafarsa ta saba da hanyar gona da rijiya da kasuwa, kowa ya san sunan ubansa. Ya ci jarrabawar bak ta gama sakandare, ya zo birni, duniyarsa ta koma tsakanin ɗakin kwana da ɗakin karatu. Jikin da ya saba da tafiya ya koma zama wuni guda. Ga nauyin da ya ɗauko: wataƙila shi ne na farko a gidansu da ya kai jami'a, an sayar da hatsi ko akuya don a turo shi. Ta yaya zai kira Baba ya ce abin ya yi masa yawa? Sai ya haɗiye, jiki kuma ya fito da abin da baki ya ƙi faɗa.

Shawarar da nake ba irin waɗannan ƙannena ba ta cin ko dala. Ka ɗauki salularka, ka fita da ƙafa, ka dawo da hoto biyu ko uku na abin da ba ka taɓa lura da shi ba.

Wani zai ce, me ya kawo hoto, tafiyar kaɗai ba ta isa ba? Na lura cewa wanda aka ce wa ya je ya sha iska yakan tafi da tunaninsa ya dawo da shi, ƙafa na tafiya zuciya na juya maganar jarrabawa. Amma mai neman hoto dole ya duba. Yana lura da inda rana ta faɗa a jikin bango, yana jiran mai amalanke ya gifta, yana matsawa gefe don inuwa ta daidaita. Hankali ba ya iya riƙe wannan aikin da saƙe-saƙen zuci a lokaci guda, don haka yake samun hutu. Jiki ma yana cin ribarsa. Tafiya tana sassauta wuya da kafaɗu da suka ɗaure, hasken safiya kuma yana taimaka wa barci ya koma kan lokacinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Rabin awa sau biyar ke nan, bayan sallar asuba ko bayan la'asar, musamman da bazara lokacin da rana ba ta da sauƙi.

Damagaram kuwa ba ta rasa abin kallo. Shiga unguwar Birni ka ga fadar Sarki, ka nemi ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye gari da ita, ka tsaya gaban manyan duwatsun nan da gidaje suka jingina da su. Ka gangara unguwar Zongo ka dubi zanen da magina suka yi a fuskar gidajen attajiran da. Leƙa wurin dukawa, ka ratsa Kasuwar Dole. Garin nan shi ne babban birnin Nijar kafin Turawan Faransa su mai da mulki Yamai a 1926, kuma tun 2006 tsohon garin yana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO. Abin yana taɓa ni in ga ɗalibi yana karatu a jami'ar da ke ɗauke da sunan André Salifou, masanin da ya rubuta tarihin sarautar Damagaram, amma bai taɓa taka ƙofar fada ba. Gani ya kori ji. Kuma wanda ya san lunguna, ya gaisa da mai shayi da dattijon ƙofar gida, ya fara daina jin kansa baƙo, baƙunta kuwa tana cikin manyan abubuwan da ke damunsa.

Sai dai a yi da ladabi. Ka yi sallama, ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum, in ya ƙi ka gode masa ka wuce. Kada ka ɗauki matan mutane, kada ka mai da almajiri ko mabaraci abin nuni. Barikin soja, wuraren jami'an tsaro da matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a ƙasarmu ta Ollelewa, duk ka kau da salula daga gare su. Kuma ka kashe intanet kafin ka fita. Wanda ya zuba hoto a Facebook ya zauna ƙirga masu yabawa ya sayo wa kansa sabuwar damuwa.

In an yi hutu ka tafi da al'adar gida. Rumbunan hatsi bayan kaka, raƙuman Buzaye da shanun Fulani a bakin rijiya, hada-hadar kasuwar Bakin Birji, duk abin ɗauka ne, abokanka na birni ma ba su san su ba.

Amma fa yawo da hoto ba maganin kowane ciwo ba ne. In baƙin ciki ya wuce mako biyu bai sake ka ba, abinci ya fita ranka, abin da kake so a da ya daina burge ka, ko ka fara dogara da tiramol don ka iya karatun dare, ka zo likita. In tunanin cutar da kanka ya taɓa zo maka, kada ka kwana da shi, ka gaya wa wani yau. Wannan ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, addu'a da neman magani tare suke tafiya.

Iyayenmu na Damargu, in kun kira ɗanku ko ƴarku, kafin ku tambayi sakamakon jarrabawa ku tambaye su ko suna samun barci, ko suna cin abinci, ko suna da abokin hira. Ku kuma ɗalibai, in kun ga abokin ɗakinku ya rufe kansa ya daina magana, ku ja shi ku fita tare, in abin ya ci tura ku rako shi wurinmu.