Amsoshin Tambayoyinku: Tsokanar Waya

Wani dillalin banda daga Kasuwar Kifi ta Baga Road, Maiduguri, ya ce 'yan ajin 'yarsa sun yaɗa hotonta a WhatsApp tana ɗaure kwalin kifi, suna kiranta "mai ƙarni". Ta daina cin abinci, ta ƙi makaranta.

To Alhaji, kada ka ce wasan yara ne. Tsokanar zamanin da a bakin makaranta take tsayawa, ta waya kuwa har kan tabarma take bin yarinya. Ka adana saƙonnin, ka kai wa shugaban makaranta. In da barazana ciki, dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana. In rashin barci da ƙin abinci suka wuce mako biyu, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya na kan titin Bagan nan, ka kai ta.