Masu aunon dusar ƙanƙara a garin Shamoni

Da damina, in an kwana ana ruwa, da safe akan duba ma'aunin ruwan sama, a rubuta milimetir nawa aka samu. Da marece sai mu ji a radiyo abin da ya sauka a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa. Manomi yana kasa kunne, don ya san ko ƙasa ta jiƙa yadda za a yi shibka.

Akwai wasu mutane da su ma kowace safiya sai sun auna abin da ya sauko daga sama, amma su ba ruwa suke aunawa ba. Yau wurinsu za mu.

Ku buɗe taswirar Turai, ku nemi Faransa. Wajen iyakarta da Italiya da Suwis akwai jerin manyan duwatsu da ake kira Alp. Wanda ya fi su tsawo shi ne Mon Bulan, ma'anarsa Farin Dutse. Tsawonsa ya ɗan zarce metir 4800. Dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasarmu yana cikin Bagazam, a Abzin, shi kuwa metir 2022 ne. Ko an ɗora irinsa biyu, ba su kai Mon Bulan ba. A gindin wannan dutse, cikin wani kwari mai zurfi, akwai gari mai suna Shamoni. A nan aka yi wasannin Olampik na hunturu na farko, a shekarar 1924.

Dusar ƙanƙara da wasan siki

Kun san ƙanƙara, wadda kan faɗo tare da hadari kamar tsakuwa, ta kekketa ganyen hatsi. Dusar ƙanƙara daban take. Fara ce fat, ba ta da nauyi, tana saukowa a hankali kamar audugar rimi. In aka dubi ƙwara ɗaya da madubin ƙara girma, sai a ga tana da rassa shida. Galibinta iska ce: in aka narkar da sabuwar dusa mai kaurin santimetir 10, ruwan da za a samu bai cika wuce santimetir 1 ba.

Daga watan Disamba zuwa Afrilu dusa tana rufe gangaren duwatsu. Sai baƙi su zo daga ƙasashe da yawa don wasan siki. Mutum yakan ɗaura wasu dogayen falankai biyu a ƙarƙashin takalmansa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya sulalo daga bisa zuwa ƙasa. Hawa kuwa ba da ƙafa ake yi ba. Akwai kujeru da wasu ɗakunan ƙarfe masu tafiya rataye a igiyar ƙarfe, su ke kai mutane bisa. An gyara hanyoyin saukowa, kowace da launinta: tsanwa ta masu koyo ce, sai shuɗi, sai ja, baƙa kuwa ta gwanaye ce. Masu otel, da masu kanti, da masu koyar da wasan, duk da wannan dusa suke cin abinci. Shekarar da ba ta sauka sosai ba, su ma sun ga fari ke nan.

Gari ɗaya, sanyi iri-iri

A dutse ba a cewa «yau akwai sanyi» a yi shiru. Sai a tambaye ka: a ina? Dalili shi ne, duk sa'ad da mutum ya hau metir 1000, zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Garin Shamoni yana bisa tsawon metir 1035. Daga cikin garin akwai ɗakin ƙarfe mai kai mutane kusa da ƙololuwar wani tsauni da ake kira Egwi di Midi, mai tsawon metir 3842. An buɗe wannan hanya a 1955. Tafiyar wajen minti 20 ce kawai, amma wanda ya baro gari ma'aunin zafi yana kan sifiri, zai iya tarar da digiri 18 ƙasa da sifiri a can bisa. In da iska, jiki yakan ji sanyin ya fi haka nesa.

Saboda haka rana guda ana iya yin ruwan sama a cikin kwari, alhali dusa ce take zuba bisa dutse. Masu duban yanayi kullum sukan faɗi tsawon da ruwa yake komawa dusa.

Aikin asuba

Tun gari bai waye ba, baƙi suna barci, masu tsaron hanyoyin siki sun riga sun hau dutse. A wani fili da aka keɓe akwai sanda mai zanen santimetir kafe cikin dusa, tana nuna kaurin dusar duka. Kusa da ita akwai allo da ake sharewa kullum. Abin da aka tarar bisa allon shi ne sabuwar dusar da ta sauka tun jiya. Su duba ma'aunin zafi, su duba ƙarfin iska da inda ta fito, su dubi gajimare, su rubuta duk zabtarewar da suka hango. Safe da rana suna aika wannan labari ga ma'aikatar duban yanayi ta ƙasar, wadda ake kira Météo-France.

Lokaci-lokaci kuma sukan gina rami cikin dusar har su kai ƙasa. Wannan shi ne aikin da ya fi wuya, kuma a ganina shi ya fi kowane amfani. Bangon ramin yakan nuna hawa-hawa, kamar yadda mai ginar rijiya yake ganin rairayi, da jar ƙasa, da laka. Kowane hawa na wata rana ne. Wannan na ranar da aka yi iska, wancan na makon da aka yi tsananin sanyi. Wani hawa yana da tauri har yatsa ba ya shiga. Wani kuwa ƙwayoyinsa ba su kama juna ba, suna zuba daga hannu kamar sukari.

To, a nan haɗarin yake. Kun ga yadda iskar hunturu take kwasar rairayi ta tara shi bayan darni. Haka iska take yi da dusa: ta kwashe ta daga wannan gefen dutse, ta jibge ta a wancan gefen, ta danne ta har ta zama kamar faifai mai tauri. In wannan faifai ya zauna bisa hawan nan mai kama da sukari, nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsaga shi. Sai gangaren duka ya goce lokaci guda, ya gangaro da gudun da ya fi na mota, ya karya itatuwa, ya bizne abin da ya tarar. Wannan shi ake kira zabtarewar dusa. An fi samunta a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45.

Ku gwada da kanku. Ku ɗauki allo, ku aza littafi bisa, ku ɗaga gefe ɗaya a hankali har littafin ya zame. Sa'an nan ku barbaɗa tsabar gero bisa allon, ku sake aza littafin, ku sake ɗagawa. Yaushe ya fi saurin zamewa?

In dusa ta taru da yawa bisa hanyoyin siki, ba a jira ta faɗo don kanta. Ana rufe wurin, a jefa nakiya, ta zabtare tun babu kowa a ƙasa. Baƙon da ya ji ƙara da sassafe a Shamoni, to aikin nan ne ake yi. Sai an gama sa'an nan a buɗe hanya.

Daga 1 zuwa 5

Kowace rana da la'asar, Météo-France tana fitar da sanarwar haɗarin zabtarewa ta gobe, kowane yankin dutse da tasa. Ana liƙa ta a gindin wurin hawa, ana kuma karanta ta a wayar hannu. Tun 1993 ƙasashen Turai suka yarda da ma'auni guda mai mataki biyar: 1 haɗari kaɗan ne, 2 da dama-dama, 3 ya yi yawa, 4 mai ƙarfi ne, 5 kuwa shi ne matuƙa. Ku lura, babu sifiri a ciki.

Wataƙila za ku ce ranar mataki na 5 aka fi mutuwa. Ba haka ba ne. Ranar 4 ko 5 kowa tsoro yake ji, ana rufe hanyoyi, mutane su zauna ɗaka. An fi yin hasarar rayuka ranar mataki na 3. Ranar nan sau da yawa sama garau take, ga sabuwar dusa tana walƙiya, sai saurayi ya ce ai 3 tsakiya ce kawai, ya ƙetare igiya ya shiga inda ba a gyara ba. Sanarwar kuwa ba lamba kaɗai ta ƙunsa ba. Tana faɗin gefen dutsen da ya fi haɗari, ko arewa ko gabas, da kuma tsawon da haɗarin ya soma. Wanda ya dubi lamba ya bar sauran, bai karanta ba.

Wannan tsari da hawaye aka same shi. Ran 10 ga Fabrairu 1970, a wani garin siki na Alp mai suna Bal Dizer, samari da ƴan mata suna karin kumallo a masaukinsu, sai dusa ta zabtaro ta fasa tagogi ta cika ɗakin. Mutum 39 suka rasu. Bayan wannan masifa ne hukumomin Faransa suka tashi tsaye wajen binciken dusa da sanar da haɗarinta.

Duk da haka aunawa kaɗai ba ta tsare rai. A farkon Fabrairu 1999 an yi kwanaki dusa tana zuba a kwarin Shamoni. Ran 9 ga wata ta zabtaro, ta ƙetare rafi, ta auka wa ƙauyen Monrok, ta rushe gidaje, mutum 12 suka mutu. A Faransa magajin gari ne yake da ikon rufe hanya da kwashe mutane. A 2003 kotu ta sami magajin garin Shamoni na lokacin da laifi, don bai sa an kwashe mutanen ƙauyen ba.

In dusa ta bizne mutum, minti ake ƙirgawa. Cikin goma da aka tono kafin minti 15, wajen tara sukan rayu. In an wuce rabin awa, galibi numfashi ya ƙare. Akwai jandarmomin dutse a Shamoni, da karnuka masu sansano mutum, da jirgi mai saukar ungulu, amma kafin su iso lokaci ya tafi. Shi ya sa mai fita wajen hanya ba ya tafiya shi kaɗai, kuma kowa yana ɗauke da abu uku: ƙaramar na'ura mai aika alamar radiyo daga ƙarƙashin dusa, da doguwar sandar bincike, da shebur. Abokin tafiya ne yake fara tono.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ƙanƙara da dusar ƙanƙara?
2. Don me ake share allon aunawa kullum, amma ba a taɓa dusar da ke gindin sandar?
3. Don me aka fi mutuwa ranar mataki na 3?
4. Lissafi: a ce zafin iska digiri 13 ne a wani wuri. Nawa zai zama in an hau metir 2000 daga nan?
5. Lissafi: sabuwar dusa mai kaurin santimetir 40 ta narke. Ruwa wajen milimetir nawa za ta bayar?
6. Aiki: har mako guda, kowace safiya ku rubuta inda iska ta fito, da halin sama, da abin da ma'aunin zafi ya nuna. Ran Juma'a kowane rukuni ya karanta wa aji nasa.