Damin Harawa Ba Ya Son Kwanan Gona

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, duk wanda ya bi hanyar Kudai ko ta Limawa zai ga dammunan harawa a zube cikin gonaki. An tsince wake, an cire gyaɗa, mai gona ya naɗe harawarsa ya bar ta a kan kunya, wai sai ya gama da gero da dawa tukuna. Daga nan hasara take farawa, domin kowane kwana da dami ya yi a ƙasa akwai abin da yake raguwa a jikinsa.

'Yan'uwana ɗalibai, ku lura da abu guda. Amfanin harawa a ganye yake. A darasin aikin gona mun koyi cewa abin da yake gina jikin dabba ya fi yawa a ganyen wake da na gyaɗa fiye da a karansu. To, ganyen nan shi ne ya fi saurin lalacewa. Rana takan dake shi har ya kode ya koma fari, ya yi ƙamas. Da dare raɓa ta jiƙa shi, da rana ya sake bushewa, kullum haka, har ya zama ko taɓa shi aka yi sai ya marmashe. Mai gona ya zo ya ɗauki dami, a ganinsa yana nan yadda ya bar shi, alhali tsinke kawai ya kai gida.

Ta ƙasa kuma ga gara. Ba ta nuna kanta a sama. Sai an ɗaga damin a tarar ta cinye gindinsa ta lulluɓe shi da ƙasa. Ga wutar daji da masu farautar gafiya suke sawa. Ga kuma shanun makiyaya da suke shigowa bayan kaka. Saniya ba ta san dami da mai shi ba, kuma rigima da yawa tsakanin manoma da makiyaya a kan abin da aka bari a gona take tashi.

Amma wannan ba ya nufin a kwashe ta ɗanya. Harawar da aka tara da sauran laima a jikinta takan yi zafi daga ciki, ta yi fumfuna, ta yi baƙi, dabba ta shinshina ta kau da kai. Masana sun ce kada ruwan da ya rage a jikinta ya wuce kamar kashi 15 cikin 100. Iyayenmu ba su da ma'auni, amma suna da dabara: su cusa hannu tsakiyar dami, in sun ji ɗumi ko danshi, da saura. A Ingila da Amurka, inda inji yake ɗaure ciyawa dunƙule-dunƙule, kowanne kamar kilo 20, manoma sun san cewa ciyawa mai laima tana iya kama wuta da kanta a cikin rumbu. In dole ta kwana a fili, sukan jingina dunƙulen a tsaye don ruwa ya zurare. Mu ma in an juya dami kullum ya sha iska ta kowane gefe, cikin 'yan kwanaki ya isa ɗauka.

Lokacin ɗauka ma da muhimmanci. Da sassafe ya fi, sa'ad da ganye yake da ɗan taushi, ba tsakar rana ba. A shimfiɗa buhu a cikin amalanke domin abin da ya kakkaɓe kada ya tafi a banza. In an isa gida a bar ta ta sha iska kafin a jera.

Sai wurin ajiya. A ƙauye akan ɗora a kan reshen bishiya ko kan soro, inda gara da awaki ba sa kaiwa. Mu a Takur abin ya sake. Tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, gidaje suka ci gonaki, rufin kwano ya maye gurbin soro, bishiyoyi ma suka ragu. A ganina rumfa ce mafita: a kafa ta da tsawo, a jera dammuna a kai, a rufe samansu da zana ko buhuna, a bar gefe a buɗe. Kada a naɗe su ruf da leda, don takan sa su gumi. A kuma nisanta rumfar da murhu.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan ciyawa? To, ya yi lissafi. A 2025 Babbar Sallah ta faɗo ranar 6 ga Yuni. Wato wanda ya ɗaure ragon layya ya ciyar da shi daga Nuwamba har ƙarshen bazara, wata bakwai ke nan babu ɗanyar ciyawa. A watannin nan ne harawa take tsada, masu kai dabbobi kasuwar Maigatari ranar Alhamis suna nemanta ido rufe. Mai saye kuma ba nauyin dami yake dubawa ba. Yakan buɗe tsakiyarsa ya ga ko ganyen yana nan kore, sa'an nan ya taya.